RIGYAWA DA ƘANANAN HALITTUN RAFIN DUTSE

In aka ɗaga dutse daga tsakiyar ɗaya daga cikin rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, aka birkice shi, sai a tarar da tsutsotsi manne a jikinsa, da 'yan katantanwa, wani sa'i har da matsattsaku ko ƙaguwa a ƙarƙashi. Masana sun tara su duka a suna ɗaya, watau halittu marasa ƙashin baya. Su ke cinye gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, su kuma kifi ke ci. Biyu daga cikinsu kuwa sun shafi lafiyar talakawa ƙwarai, saboda haka ya kamata hakimi da malaminsa su san abin da rigyawa ke yi musu.

Rigyawar rafin dutse ba ta sallama. Da ruwa ya sauka bisa tsauni, kafin sa'a guda rafin da yaro ke tsallakewa ya fi ƙarfin doki. Babbar ɓarnar takan auku ne sa'ad da tsakuwa da duwatsu suka fara mirgina, gama a nan ne suke niƙe abin da ke jikinsu, su kankare gansakuka. A rafin Sycamore na jihar Arizona ta Amurka, rigyawar 1979 ta kwashe kashi 98 cikin 100 na waɗannan halittu. A rafin Quartz na jihar Oregon kuwa, inda gefen tsauni ya zube cikin ruwa a 1986, kusan ba abin da ya saura.

Abin mamaki shi ne saurin komowarsu. Na Sycamore sun farfaɗo cikin mako biyu zuwa uku, don ƙasar zafi ce. Na Quartz sai da suka ɗauki kamar shekara. Waɗansu sukan nutsa cikin tsakuwar gindin rafi, waɗansu su laɓe a saiwar itatuwa ko bayan babban dutsen da ruwa bai iya motsawa ba. Waɗanda suka riga suka yi fiffike suna bisa ganye sa'ad da ruwa ke wucewa, in ya janye sai su komo su yi ƙwai. Akwai ma wani babban ƙwaron ruwa a Arizona wanda, da ya ji ruwan sama ya daɗe yana zuba, sai ya fita daga rafi ya hau gaɓa tun rigyawa ba ta iso ba. Amma ba tare suke komowa ba: masu saurin girma su ke fara cika wuri, masu jinkiri sai daga baya.

To, ga na farko cikin biyun nan. Tsutsar ɗan baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi ba ta zama sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana kumfa. Takan shimfiɗa zare bisa dutse ko ciyawa, ta maƙale da ƙugiyoyin bayanta. Rigyawa mai tsanani takan share ta, amma daga ƙwai zuwa ƙuda bai cika wuce mako biyu ba, kuma damina ce ke rayar da rafukan da suka ƙafe. Don haka kada a zaci ruwa ya wanke ƙasa daga cutar. A ƙasar tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, daga tsakiyar shekarun 1950 sai da aka yi ta zuba maganin DDT cikin koguna kafin ƙudan ya ragu. Tun 1987 kuwa ƙwayar Mectizan da ake raba wa mutane ita ce babban makami.

Na biyu katantanwar tsagiya ce. Ita ba ta jure gudun ruwa, rigyawa takan kwashe ta, sai dai takan yasar da ita a kududdufai da fadamun gindin tsauni. Can take hayayyafa da kaka da farkon rani, daidai lokacin da yara ke wanka a wurin.

Gaɓar da aka sare itatuwanta, ko aka nome har bakin ruwa, takan ƙara wa rigyawa ƙarfi, yashi kuma ya toshe maɓoyar tsakuwa. In rigyawa ta auku, yana da kyau malamin hakimi ya rubuta ranar, da iyakar inda ruwa ya kai, da sababbin kududdufan da ya bari kusa da ƙauye, a aika wa ma'aikatan lafiya kafin ruwan ya kwanta.