Gidan da ka saya don ka sayar, sunan wa ke kan takardarsa?

Makon jiya wata Hajiya ta zo ofishina tare da yayanta, ba ta daɗe da fita takaba ba, da leda cike da takardu. Mijinta ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Atamfa ce sana'arsa, amma in kuɗi suka taru sai ya sayi tsohon gida wajen Kurna ko Rijiyar Lemo, ya sake rufi, ya sa tayil, ya yi fenti, ya sayar. Ya rasu ya bar gida uku ban da wanda iyali ke ciki, kuma babu ko ɗaya da sunansa ke kan takardar mallaka.

Na farko ya riga ya karɓi kafin alƙalami, mai saye na jira. Na biyu gyara ya tsaya a rabi, ga wani aboki ya fito ya ce da kuɗinsa a ciki. Ba rubutu, shaidarsa ɗaya, shi ma dillalin da ya ci la'ada ne.

Na ukun ne ya ƙona min rai. Ta ce, "Barista, wallahi a gaban ƙaninsa ya ce wannan nawa ne." Na ce, "Hajiya, ya miƙa miki makulli? Wa ke karɓar kuɗin haya?" Shi ne, har watan da ya kwanta. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a yi hauzinta ba har mai ita ya rasu ta koma gado. Ba za a kuma kira ta wasiyya ba, domin babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Abokiyar zamanta ba ta yarda ba, ba kuma na ganin laifinta. Tumuni za su raba su biyu, bayan an fitar da bashi.

Ko wannan ma sai an tabbatar gidan nasa ne. Takardar tana ɗauke da sunan wanda ya sayar masa, shi ma ya rasu, yanzu 'ya'yansa ake bi su sa hannu, ɗaya ya ce sai an sallame shi. Abin da marigayin ya riƙe duka-duka falle ɗaya ne da dillali ya bugo a shagon kwamfuta, da hatimin mai unguwa.

Na san lissafin masu sayen gida don sayarwa: "Ai ba zama zan yi ba, wata shida zan sayar, don me zan kashe kuɗin canjin suna?" Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 bai ware mai wata shida ba, sai da amincewar gwamna. Ajali ma bai ware shi ba.

Ka saya, ka canja suna. Kun haɗa kuɗi da aboki, ku rubuta, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ka ba matarka gida, ka fita daga cikinsa, ta karɓi haya da hannunta, a gaban shaidu. Dillali ba lauya ba ne, la'adarsa yake nema. Na sake faɗa, ka canja suna.

Masu biyan kafin alƙalami kuma, ku daina miƙa kuɗi kafin a je ma'aikatar ƙasa a duba fayil. Gida nawa ne aka jinginar wa banki, mai shi yana ta fenti yana nuna wa masu saye?