MASORO ƊANYE DA BUSASSHE: ABIN DA YAKE YI A JIKI

A Dawce kowace uwargida ta san masoro. Ana sa shi a fura da kunu da miya, ana daka shi cikin yajin mai jego. Amma ba a noma shi a ƙasar Matamai. Masoro tsiro ne mai yaɗo, yana hawa itatuwa. Yana son inuwa da ruwan sama mai yawa. Shi ya sa daga kurmi ƴan kasuwa suke kawo shi.

Kore, baƙi da fari

Masoro iri biyu ne. Akwai na kurmin Afirka, mai ƴar wutsiya. Akwai wanda asalinsa ƙasar Indiya ne, yanzu ana noma shi har a Kamaru. Na Indiya yana zuwa kasuwa da launi uku, amma duk uwa ɗaya ta haife su.

Koren shi ne ɗanye. Ana tsinke shi tun bai nuna ba, a ajiye cikin ruwan gishiri, ko a busar da shi da sauri. In an shanya ɗanyen a rana har fatar ta yanƙwane, ya zama baƙi. In an bari ya nuna, aka jiƙa, aka cire fatar, ya zama fari. Koren ya fi ƙanshin ganye, amma yajinsa bai kai na baƙin ba.

Amfaninsa

Yajin masoro yana sa yawu ya zubo. Yana kuma tsokano ruwan ciki mai narkar da abinci. Wanda ya tashi daga jinya, bakinsa ba daɗi, ɗan masoro a kunu yakan taimake shi ya sha.

Cikin masoro akwai sinadarin ƙarfe, irin wanda jiki ke bukata don yin jini. Sai dai kaɗan ake ci. Ƙaramin cokali ɗaya na garin masoro bai kai giram 3 ba, kuma gida duka ne ke raba shi. Don haka mai jego ba ta mayar da jininta da yaji. Abin da take bukata shi ne wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, hanta da nama. Masoro mai rakiya ne kawai.

Inda za a kula

1. Masoro ba ya maganin masassara. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar, kada a tsaya ana ba shi jiƙo.
2. Jariri nono kaɗai yake bukata har wata 6. Kada a ba shi yaji.
3. Mai gyambon ciki, in yaji yana tayar masa da ciwo, ya rage.
4. Koren da ke cikin kwalba gishirinsa yana da yawa. Mai hawan jini ya ɗauraye shi kafin ya ci.
5. A ajiye masoro a rufe, wuri busasshe. In ya yi fumfuna, a zubar. A riƙa daka kaɗan kaɗan, don dakakke yana saurin rasa ƙanshi.

Tambayoyi

1. Don me ba a noma masoro a Dawce?
2. Yaya koren masoro yake zama baƙi?
3. Wane abinci ne ke mayar wa mai jego jininta?