KITSEN JINI DA BUGUN ZUCIYA A WURIN MAZA

Kitsen rago ana ganinsa tun a kasuwa. Amma akwai wani kitse da ido ba ya gani, wanda ke yawo cikin jinin ɗan Adam, likitoci na kiransa kolestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa, jiki kuwa ba ya rayuwa sai da shi. Yawansa shi ne ɓarna.

In ya yi yawa, sai ya riƙa liƙewa a cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kamar yadda laka ke cike kwata, shekara da shekaru mutum bai ji kome ba. Ran da tarin nan ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe, wani sashe na naman zuciya ya soma mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya.

A 1948 likitocin Amurka suka fara bin lafiyar mutum 5,209 a wani gari wai shi Framingham. A 1961 suka bayyana cewa masu yawan kitsen jini sun fi kamuwa, balle in an haɗa da hawan jini. Ciwon ya kan riski maza kamar shekara goma kafin mata, domin mace tana da kariya har haila ta ɗauke mata.

Magidanci a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi, wanda kakansa ke yini a gona, yau a zaune ya ke yini a kanti ko ofis, da dare ga tsire da balangu. Kada kuwa a ce ciwon masu tumbi ne kaɗai: siriri ma ya kan kamu, wani ma gado ya yi. Awon jini kaɗai ke nunawa, ga kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, nan kusa a kan hanyar Zariya. In kitsen ya yi yawa, likita zai sa a rage man shanu da kitsen nama, a ƙara wake da ganye da kifi, a bar taba, a riƙa tafiya a ƙasa. Wani sai an haɗa masa da magani.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan: wanda ya ji nauyi ya danne masa ƙirji, yana sauka hannun hagu ko haɓa, ga gumi, kada a ce gyambon ciki ne a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.