Filin Gwaggo: Za mu je Daura a kan keke, wace hanya za mu bi?

Ni ɗalibi ne a Kano, kuma tun ina yaro nake son keke. Ni da abokaina biyu mun ƙulla niyyar zuwa Daura a kan kekunanmu idan an yi hutu, mu ga rijiyar Kusugu mu dawo. Tsoron manyan motoci ya sa na duba taswirar waya, na fitar da wasu ƙananan hanyoyi ta cikin ƙauyuka, waɗanda da alama mota ba ta bin su. To amma Hajiyarmu ta ce sam ba ta yarda ba. Yaya zan shawo kanta? Kuma hanyoyin da na zaɓa sun yi?

Ɗanki, daga Kano

Niyyarku ta faranta mini rai, kuma ina so tafiyar nan ta yiwu. Amma ka yi haƙuri, a kan hanyoyin da ka zaɓa ina bayan Hajiya.

Duk hanyar da ka ga mota ba ta bi, ka fara tambayar me ya hana ta bi. Wata rairayi ne ya cinye ta, taya ta nutse ka koma turin keke cikin rana. Wata gada ce ta karye tun daminar bara. Wata kuwa mutane ne suka ƙaurace mata saboda ɓarayin daji, kuma wannan ita ce ke hana iyaye barci. Waya za ta zana maka layi daga wannan ƙauye zuwa wancan, amma ba ta san abin da ya faru a kansa shekaranjiya ba. Hanyar da kuke nema ita ce mai ƙarancin tireloli amma mai yawan jama'a: ga ɗan acaɓa da buhu, ga mata da ƙwaryar nono, ga amalanke, ga gonaki hagu da dama, kuma ba ka yin nisa sai ka hango hasumiyar masallacin wani gari. Idan ka yi tafiya mai tsawo ba ka haɗu da kowa ba, ka juya.

Hanyar Daura sananniya ce: daga Dawanau ta miƙe Dambatta, ta ratsa Kazaure, ta isa Daura, ta zarce iyakar Kongolam. Ta haura kilomita 100 nesa ba kusa ba, don haka ku raba ta kwana biyu, ku yada zango a Kazaure. Ita za ku riƙe. Ku ratse zuwa burji ne kawai inda 'yan gari suka ce da su ma nan suke bi. Kada sha'awa ta ja ku yamma, wajen dazuzzukan da ke tsakanin Katsina da Zamfara. Wannan ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu.

Masu labarin hanya suna tasha. Kafin ranar tafiya ka je inda ake lodin Daura, ka gaishe da direbobi, ka tambaye su inda ake aikin titi, inda kwalta ta fashe, da lokacin da manyan motoci suka fi yawa. A kowane gari ka sake tambayar mai faci ko mai shayin bakin titi, domin labarin hanya ba ya kwana. Matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma lura da ranakun kasuwa, abin da samari kan manta. Dambatta da Mai'aduwa Lahadi suke ci, to daga yammacin Asabar hanyar takan cika da motocin dabbobi da direbobi masu sauri. Ku zaɓi tsakiyar mako. Wurin da ya fi ba ni tsoro ma fitarku daga birni ce, musamman gaban kasuwar hatsi ta Dawanau inda tireloli ke juyawa. Ku wuce nan da sanyin safiya bayan gari ya waye sarai, ba cikin duhun asuba ba. Idan hutun ya faɗo cikin hunturu, iskar arewa maso gabas za ta riƙa dukan ƙirjinku a tafiya, sai a dawowa ta tura ku. Ranar da hazo ya yi kauri ku zauna, domin direba ba zai gan ku ba sai ya iso kanku.

Ku bi hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, kada ku jera kuna hira. Idan kun ji ƙahon tirela, ku sauka daga kwalta gaba ɗaya ta wuce. Iskarta kaɗai tana iya kayar da mai keke. Ku sa riga mai haske da hular kwano, ku riƙe famfo, kayan faci da tiyub na ajiya, don ƙaya ba ta ƙarewa a gefen titi. Kowa ya ɗauki katin shaidarsa. Baƙi uku da jakunkuna za su iya tayar wa 'yan sintiri hankali, saboda haka idan kwana ya kama ku a ƙaramin gari, ku fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, kuma ku sauka kafin magariba.

Batun Hajiya kuwa, kada ka je mata da gardama. Ka je mata da takarda: ga garuruwan da za mu bi, ga wanda zai sauke mu a Kazaure, ga lambarsa, zan kira ki a kowane zango. Ka sa kawunka ko babban yayanka ya zauna a maganar. Ku fara gwada gajeriyar tafiya, ku je Dambatta ku dawo, ta ga kun iso lafiya a lokacin da kuka faɗa. Idan bayan duk wannan ta ce a'a, ka ɗaga tafiyar zuwa wani hutun, ka ci gaba da lallashi. Ban yarda ka fita a ɓoye ba.

Allah ya tsare hanya.

Gwaggo