Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Namun Daji da Abin da Ake Samu a Cikinsa

Wani matashi daga Azare ya aiko yana tambaya ko ilimin namun daji yana ciyar da mai shi.

To, malam, madalla da wannan tambaya. Alhakika fannin ya rabu gida biyu. Na farko aikin hukuma ne, wanda mai sha'awarsa kan fara daga jami'a ko daga Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke New Bussa, sannan ya nemi gurbi a gandun Yankari ko Gashaka-Gumti, inda zai yi sammako yana bin sawun giwa a kan raɓa, yana kwance tarkon mafarauta, yana ƙidayar abin da ya ragu na halittun Ubangiji. Mai digiri kan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, albashi madaidaici, amma akwai fansho a ƙarshe.

Na biyu kuwa aikin ba da shawara ne ga kamfanoni, domin tun 1992 doka ta wajabta a Nijeriya cewa kafin a gina madatsar ruwa, ko babbar hanya, ko masana'anta, sai masana sun auna ruwa da ƙasa da iska, sun rubuta hukuncinsu game da illar aikin. Ladan nan ya fi tsoka, sai dai gwargwadon kwangila yake zuwa, yau akwai, gobe babu.

Nasiharmu gare ka, ka ƙware a lissafi da zanen taswira a kwamfuta, ka kuma riƙe amana, domin dabbar da ba ta da bakin kai ƙara hakkinta yana wuyan mai tsaronta. Allah Ya yi maka jagora.