Hukuncin Rataya Dardumar Bango

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a, darasinmu na wannan mako a kan dardumar bango ne, watau saƙar nan wadda ba a shimfiɗa ta, ba a lulluɓa da ita, sai dai a rataye ta domin ƙawata ɗaki. Wanda duk ya leƙa ɗakunan amare a Bagudo ko Illo ko Lolo ko Ka'oje, ba zai rasa ganinta ba: wata da siffar Ka'aba, wata da ɗawisu, wata da zaki ko barewa. Waɗansu tsarabar alhazai ne, waɗansu kuwa fatake ke shigo da su daga Jamhuriyar Benin, ta wajen Malanbil da Segbana. Ba a gidajenmu kaɗai abin ya tsaya ba. A ƙasar Senegal, tun 1966 Shugaba Senghor ya kafa masaƙa a garin Thiès, inda mai zane ke zana hoto, masaƙa su mayar da shi saƙar ulu da hannu, a rataye a manyan gine-gine. To, mene ne hukuncin wannan ado?

Da farko dai, mu sani ado ba haramun ba ne a kan kansa. A aya ta 32 ta Suratul A'araf, Allah Ya yi inkari ga mai haramta adon da Ya fitar domin bayinSa. Saƙa kuwa sana'a ce mai daraja. Rigar Ka'aba ma, wadda Larabawa ke kira Kiswa, saƙar siliki ce, kuma tun 1977 a masaƙar Ummul Jud ta Makka ake yin ta. Amma a lura, rubutu ne a jikinta, babu surar mai rai ko ɗaya. Saboda haka abu uku ake dubawa.

Na ɗaya, abin da ke jikin saƙar. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta rataya wani labule mai surori, wanda ake ce wa "ƙiram" da Larabci. Da Annabi (S.A.W.) ya gan shi, sai fuskarsa ta sauya, ya yage shi, ita kuwa ta mayar da shi matasan kai. Daga nan malamai suka saɓa. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ya tafi a kan cewa surar mai rai haramun ce, ko tana da inuwa ko ba ta da ita. Malamanmu na Malikiyya kuwa suka rarrabe: gunki cikakke mai inuwa haramun ne, surar da ba ta da inuwa makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, kamar a rataye a bango, idan kuwa ana taka ta ko ana zama a kanta, barinta ne kawai ya fi. Itatuwa da furanni da gine-gine babu laifi, gama su ne Ibnu Abbas ya shawarci wani mai zane ya riƙa yi.

Na biyu, inda aka rataye ta. A wata ruwaya ta Buhari, Annabi ya umurci Nana A'isha ta kawar da labulenta domin surorinsa suna gitta masa a cikin salla. Idan haka ta faru ga fiyayyen halitta, ina ga ni da kai? Kada a sa ta a gabas, inda ake fuskanta da salla, ko da masallaci ne aka saƙa a jikinta, muddin za ta ɗauke hankali. Mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani kuwa, kada a bar ta cikin hayaƙi da ƙura, kada kuma a mai da ita shimfiɗa idan ta tsufa.

Na uku, halin mai gida. An ruwaito cewa Abu Ayyubal Ansari ya je walima gidan Abdullahi ɗan Umar, ya tarar an lulluɓe bango da tufafi, sai ya juya bai ci abincin ba. Ashe sahabbai suna tsoron alfahari ko da babu sura. Yau ga uba yana sayar da shinkafar da zai ci da iyalinsa, ko ya ci bashi, don kada a ce bangon 'yarsa tsirara yake. Wannan ɓarna ce, ko me aka saƙa a jikin dardumar.

Shawara ita ce, mai son ado ya waiwayi masaƙanmu na gida. Luru da gwado na Hausawa, da tera-tera na Zabarmawa, galibi layuka ne da zane mai kusurwa. Wanda ya rataya irinsu daidai ƙarfinsa ya fita daga saɓanin malamai, ya kuma raya sana'ar ɗan'uwansa. Wanda ya riga ya sayi mai ɗawisu ko zaki kuwa, bai yi hasara ba: ya sauke ta ya yi matashi ko shimfiɗa, yadda Uwar Muminai ta yi.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.