Shagon Ulun da Caca Ta Cinye Tun Ba a Buɗe Shi Ba

Duk mai saƙa a Jos ta san cewa daga watan Satumba shekararta take farawa. Makarantu sun koma, masu makarantun kuɗi suna cigiyar wadda za ta yi musu rigunan sanyi na ɗalibai, masu juna biyu suna ba da aikin hula da safa da shawul tun hunturu bai sauko ba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa kuwa ba ya raga wa jariri. Abin da mace ta samu daga nan zuwa Fabrairu, shi za ta yi ta lallaɓawa har damina ta wuce. A irin wannan lokaci ne wani abu ya sami ɗaya daga cikin ɗaliban mai wannan rubutu, malamar da koyar da saƙa ne aikinta, har yau kuma abin bai daina yi wa malamar ciwo ba.

Matar ba ragguwa ba ce, ba kuma mai son banza ba ce a yadda kowa ya san ta. Hannunta yana da kyau. Da ƙwarashi ta fara, ta tara ta sayi tsohon injin saƙa na hannu, ta iya shi har ta zama ita ake tura wa sababbin ɗalibai idan wuyan riga ya gagare su. Tana da buri guda, kuma kowa a ajin ya haddace shi saboda yawan faɗa: shagon ulu. Takan zauna tana haɗa hannun riga tana zayyana shi dalla-dalla. Kanta daga ƙasa har rufi, an jera ulu kala-kala daga fari zuwa baƙi. Akwatin gilashi a gaba na kayan jarirai. Ƙwarashi da allurai da maɓallai a gefe. Benci dogo inda mata za su zauna su yi saƙa suna hira, mai koyo ta koya kyauta muddin a wurinta ta sayi zare. Ita da kanta za ta riƙa zuwa Kano sari, ba aike ba.

Wannan buri ba shirme ba ne, kuma malamar ba ta taɓa yi masa dariya ba. A unguwarsu mace takan biya kuɗin Keke Napep zuwa Taminus ta dawo saboda ulu guda biyu da suka yanke mata. Duk wadda ta buɗe irin wannan shago a cikin unguwa, ciniki yana jiranta. Tana cikin adashi, an kuma sa ta a layin ɗauka. Abin da ya rage mata haƙuri ne kawai.

Sai wani yaron maƙwabta ya ci loto. Ya sa naira 200 a kan lamba biyu, ya karɓo 48,000, ya shigo gida yana nuna wa kowa. Ita ma ta ba ƙaninta 200 ya buga mata, da lambar shekarunta da ta gidansu. Ba ta ci ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Wata rana ta ci, kuma wannan cin shi ne babban tsautsayin da ya same ta, domin daga ranar lissafin shago ya bar kan adashi ya koma kan tikiti. Ta daina cewa “idan na ɗauki adashi,” ta koma cewa “idan Allah Ya kawo.” Malamar ta ji wannan sauyi a bakinta, ta ɗauka tawakkali ne.

Ga yadda wasan yake, tunda masu sayar da shi ba za su faɗa ba. Lambobi ne daga 1 zuwa 90, a fitar da biyar. Tsarin tsoho ne, Ghana tana buga shi tun shekarun 1960, har yanzu ma a rumfunan Najeriya ana buga wasannin da ake kira na Ghana. Wanda ya zaɓi lamba biyu, abin da ’yan wasan ke kira tu-shuwa, damarsa ta cin duka biyun ɗaya ce cikin kusan 400. Idan ya ci, abin da aka saba biya shi ne ninki 240 na abin da ya sa. Ke nan mai buga 200 kullum, a matsakaicin lissafi, zai zuba 80,000 kafin ya karɓi 48,000. Cikin kowace naira 100 da jama’a suka kai, kusan 40 ba za ta taɓa dawowa hannunsu ba. Mai neman lamba uku ya fi shiga uku: dama ɗaya cikin 11,748, ladan kuwa ninki 2,100. Mai mafarkin biyar ɗin gaba ɗaya yana neman ɗaya ne cikin kusan miliyan 44. Ba maguɗi ake yi ba ma, haka aka gina abin, kamfani ba ya buƙatar cutar kowa kafin ya ci riba. Mace da za ta tsaya ta yi ciniki minti goma a kan ragin naira hamsin a fakitin ulu, ita ce ke miƙa kuɗinta ga wannan lissafi ba tambaya.

Amma ba rumfar loto ce ta fi ƙona wa malamar rai ba. Waɗanda suke kewaye da rumfar ne. Akwai wani da aka haɗa matar da shi ta WhatsApp, wai yana da ɗan’uwa a cikin kamfani, yana samun lamba kafin a juya inji. Sai an tura masa kuɗin rajista, sannan kuɗin lambar mako. Idan ba ta fito ba ya ce an canza inji a ƙurarren lokaci, ta ƙara wani abu ya ba ta ta gobe. Irin waɗannan mutane dabararsu ɗaya ce: su raba wa mutum ɗari lambobi daban-daban, wanda tasa ta dace ya zama shaida, a ɗauki hoton tikitinsa a yaɗa, sauran a ba su haƙuri. Akwai kuma masu zama da jadawalin lambobin da suka fita shekara da shekaru, suna ja da jan biro suna cewa 17 ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi. Ƙwallon da ke cikin inji bai san abin da ya fito jiya ba. Na ukunsu shi ya fi muni, wani mai rawani da carbi da ya karɓi kuɗin turare da na zakara ya ce ta kwanta da alwala za ta ga lamba a mafarki. Mutumin da ya san aya ta 90 a Suratul Ma’ida ta jera caca da giya wuri ɗaya, shi ne yake sayar wa matar aure laƙanin cin caca. Wannan ba malami ba ne, ɓarawo ne da allo.

Asiri ya tonu ne a kan aikin wata makaranta. An ba ta rigunan sanyi masu yawa, ruwan bula mai duhu da farin layi biyu a hannu, aka ba ta adibas na rabin kuɗi. Da wa’adi ya matso sai ga ta da buhu ta kawo wa malamar wai a taya ta haɗawa. Aka zazzage a kan tabarma a tsakar gida, cikin hasken rana. Launi uku ne a wurin. Gaban riga daban, bayanta daban, hannu ɗaya ya fi ɗaya haske. Wasu an yi su da siririn ulun nan mai arha da ke tashin gashi tun ba a wanke ba, bakin hannun ya riga ya saki. Duk wadda ta yi wata shida a sana’ar ta san abin da wannan yake nufi: ba a sayi zaren lokaci ɗaya ba, an yi ta tsintarsa biyu-biyu, uku-uku, duk ranar da aka samu canji.

“’Yar nan, ina kuɗin ulun da aka ba ki?” in ji malamar.

Ta yi shiru tana murza bakin mayafi. Can ta ce, “Malama, wallahi niyyata in mayar. Saura kaɗan ya rage in ci.”

Washegari ta zo da gwangwanin madara, cike da tikiti, an ɗaure su da ragowar zare mako-mako, wasu rubutun ya goge saboda irin takardar nan ce ta injin POS. Ta adana su ne wai don nazarin lamba. Aka zauna aka tara waɗanda ake iya karantawa, aka haɗa da abin da wayarta ta nuna ta tura wa mai ba da lamba. Kuɗin ya isa hayar ƙaramin shago ta shekara a unguwarsu, da sarin farko. Adashin da ake jira ashe ta riga ta roƙi uwar adashi an ba ta ɗaukarta tun da wuri, ya tafi. ’Yan kunnenta na aure ma sun tafi. Ta tara kuɗin shagon da hannunta, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, ta kai wa wasu.

A nan dole a faɗa wa mata masu sana’a gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Adibas ba kuɗinki ba ne, amana ce, sai ranar da kika miƙa kaya yake zama naki. Ranar da aka ba ki, ranar za ki je ki sayi ulun aikin gaba ɗaya, daga kwali ɗaya, har da rara. Wanda ya san lambar da za ta fito gobe ba zai sayar miki da ita dubu biyu ba.

Sakacin bai tsaya a kan masu caca ba. Malamar ta gaji da ganin mata da jaka ɗaya: kuɗin cefane, kuɗin mai aiki, kuɗin biki, zubin adashi, duk a zif ɗaya. A tambayi mace nawa ta kashe a kan shawul ɗin da ta sayar, sai ta ce “ai dai an samu alheri.” Littafi mai shafi arba’in nawa yake? Wadda take rubuta shiga da fita, ko da da ajami ne, a mako biyu za ta ga ramin da 200 ɗin kullum take haƙa mata. Wannan matar ba ta rubuta komai, shi ya sa har ranar gwangwani tana ganin kamar ita ke bin loto bashi kaɗan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ’yan watanni, ulu kuma akwai wanda daga waje ake shigo da shi. Kuɗin da aka karɓa yau aka ajiye sati uku ba lallai ya sayi zaren da zai saya yau ba, balle wanda aka taɓa. A sayi zare ranar da aka karɓi kuɗi. An faɗa, ana kuma sake faɗa.

Masu ba da aiki su ma da nasu. Mai makaranta zai miƙa rabin kuɗi ba takarda, ba shaida, ba ya ko leƙowa ya ga samfur, sai ana saura kwana uku ya fara kira yana zagi. Uwar adashi da ta ba da ɗauka kafin lokaci ba ta tambayi dalili ba, ita ma ta taya.

Wasu suna cewa ai kamfanonin suna da lasisi. Suna da shi, wasunsu. Akwai dokar caca ta ƙasa ta 2005, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamban 2024 cewa ba ta da hurumi a jihohi sai Abuja, kowace jiha ita za ta tsara nata. Lasisi yana nufin an yarda kamfani ya yi kasuwancinsa, bai rage komai daga 400 ɗin nan ba. Mai ba da lamba a WhatsApp kuwa ba shi da rajistar kowa, lambar asusunsa ma sau da yawa ba sunansa take ɗauke da shi ba. A Kano Hisba ta rufe shagunan caca da dama a ƙarshen 2024, amma yanzu rumfar tana cikin waya. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar shagon caca ba tana iya bugawa daga kan gadonta, mijinta yana gefe yana ɗauka duba salon saƙa take yi. Wadda ake magana a kanta ma daga baya ta daina aiken ƙaninta.

Abin da aka iya cetowa kaɗan ne. Ɗaliban ajin suka taru aka warware rigunan da launinsu ya saɓa, aka mayar da zaren hulunan yara aka sayar. Malamar ta raka ta wurin mai makarantar, aka yi yarjejeniya a rubuce za ta biya kashi-kashi, aikin kuma aka ba wata. Sai da aka sayar da injin kafin a toshe bakin adashi. Maganar ta kai ga mijinta da iyayenta, abin da ya biyo baya a gidan ba na jarida ba ne. Yanzu ta koma ƙwarashi, tana yi wa wasu aiki da zarensu ana biyanta ladan hannu, kuma ba a ba ta kuɗin ulu a hannu, zaren ake kawo mata.

Tun daga lokacin aka kafa doka a zauren WhatsApp na ɗaliban: duk wadda ta turo tallar lamba, ko hoton tikitin wani da ya ci, ko saƙon “an zaɓe ki kin ci kyauta,” cire ta ake yi, sai ta zo da ƙafarta ta yi bayani. An cire mata fiye da ɗaya. Saƙon da ya fi yawo a kwanan nan ba ya ma ambaton caca. Cewa yake ana raba wa mata masu sana’ar hannu tallafin jari ta hanyar ƙuri’a, a tura kuɗin fom da lambar BVN kafin Juma’a, kuma cikin waɗanda suka turo shi har da wata da ta taya warware rigunan nan.